Nauyin Indo

Ya'u na Paki bai taɓa yarda da sikeli ba. Manomin auduga ne, kuma tun yana saurayi ya yanke hukunci cewa duk ƙarfen da ke da allura mai juyawa ɓarawo ne. Ranar kai auduga kasuwa sai ya barbaɗa wa buhunansa yashi, wai ramuwar gayya yake yi tun kafin a cuce shi. Mutum ne da ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ma'aikatan lafiya suka sauka a ƙofar gidan dagaci da sikeli da doguwar sandar awo. Su auna tsawon mutum, su auna nauyinsa. Wanda nauyinsa ya gaza tsawonsa sai a sa shi a mota zuwa asibiti a Zariya. Haka aka tafi da Zulaihatu, maƙwabciyarsu.

Hankalin Ya'u ya tashi, don matarsa Indo tun damina take tari, awarwaronta har zamewa yake yi daga hannu. Duk duniya ita kaɗai ce ba ya zargi, kuma yana sonta matuƙa.

"Wa ya taɓa ganin abin da aka auna ya dawo gida?" in ji shi. "Auduga ce ta dawo, ko gyaɗa?"

"Malam, an ce fa magani suke bayarwa."

"An ce! Wa ya ce?"

Da layi ya zo kan gidansu, ya ɗaura mata ɗamarar duwatsu a ƙugu, ya sa ta ninka zane, ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta yi tari. Ga kuma ƙafafunta da suka kumbura, su ma suka ba da nasu nauyin. Malamar asibiti ta dubi sanda, ta dubi allura.

"Ke kam daidai kike, inna. Sauka."

Ya'u ya yi ta cika baki a dandali, yau ya cuci sikeli.

Bayan girbi sai ga Zulaihatu ta dawo, kumatu cike, tana jan ruwa a rijiya da ƙarfinta. Ya'u ya tsaya ya ƙare mata kallo, yana neman inda dabarar take. Bai samu ba. Ya garzaya wurin dagaci, aka ce masu awo sun wuce Makarfi tuni, daga can kuma Allah ne masani.

Washegari ya ɗaure jaki a ƙofa don kai Indo tashar Ikara, su hau motar Zariya. Ya sunkuya zai ɗauke ta, ya tattara ƙarfi kamar zai ɗaga buhu, sai ya kusa faɗuwa da baya. Zane ne kawai da numfashi a hannunsa. Tsoro ya kama shi.

Indo ta buɗe ido da ƙyar.

"Malam," ta ce, "in mun je, ka bari su auna ni ni kaɗai."