Buhun Da Na Hango A Ƙarƙashin Gadon Inna

Bakin buhu na fara hangowa a ƙarƙashin gadonta, an ja zane an rufe shi amma bai rufu duka ba. A lokacin ni budurwa ce a Cadawa, 'yar amshin wata tsohuwar zabiya da muke kira Inna. Rabin abin da na sani game da mutane a littattafan soyayya na karanto shi, kuma a cikinsu duk tsohuwar da ta ɓoye abu muguwa ce.

Shekarar korona ce, an hana taro, biki ya tsaya, mu ma muka tsaya. Sai aka ce gwamnati za ta tallafa wa makaɗa da mawaƙa da shinkafa da mai. Sauran 'yan amshi duk suka samu, ban da ni. Da na tambayi Inna, ta ce ba ta ba da sunana ba, in yi haƙuri, ta auno mini daga nata. Na karɓa ina kallon hannunta. Na ce a raina ai ga rabona can ƙarƙashin gado. In ta yi dariya da wata, sai in ɗauka da ni suke. Har shayin da ta saya na sa wa ido.

Akwai wani malamin lakol, wato makarantar boko, a Agiye da ya kai kuɗin gaisuwa gidanmu, wanda nake gani kamar daga littafi ya fito. Danginsa ba sa auren maroƙa. Sun san ni da kitso da lalle ne kawai, don amshin a cikin gida nake yi, a ƙauyuka masu nisa, tsakanin mata. Ban haɗa wannan da wancan ba. Na shiga taksi na tafi buro, ofishin masu rabon tallafin, da kardanteta ta shaidar ɗan ƙasa, na rera musu baiti biyu don su yarda, suka rubuta ni. Ban san a rediyo ake kiran waɗanda suka samu ba, da sunan uba da sana'a. Ashe ƙanwar baban malamin ce ta ji sunana, tana tsinke zogale. Kafin Juma'a aka aiko karɓar kayansu. Shi ko saƙo bai turo ba.

Na je wa Inna da kuka, ina cewa ita ta kai gulmata. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, na hana ki buhu ne don in bar miki miji." Kunya ta hana ni komawa gidanta.

'Yan'uwana mata, in babba ya hana ku abu, ku tambaye shi dalili har ya faɗa, kada ku zauna ku tsara masa labari a zuciya. Bara na ji ciwon maƙogwaro ya ɗauke muryar Inna, ɗiyarta ta mai da ita Cadakori. Na je gaishe ta, na ce ta yafe mini. Leɓenta ya motsa, na sunkuya sosai, amma ban ji abin da ta ce ba.