Geron Iya a Kan Juji

Ranar wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, cikin bazarar farko bayan an yanke jihar Zamfara daga Sakkwato, Inna ta sa ƙafa ta ture ƙyauren tsohuwar madafar gidan kakanninmu. Jemagu suka fito ta kanmu, ni da ƙanena Sani muka kwasa da gudu, ita ko gezau ba ta yi ba. Ta ɗaure hancinta da ɗankwali, ta tsaya tana kallon ɗakin kamar mai taya akuya a kasuwa. Bangon baƙi ƙirin, azarar rufin ta sha kunkunniya har tana ƙyalli, ga tarkace iri-iri na reto daga sama. Ta ce in miƙo mata tsintsiya da dogon kara.

A Sakkwato aka haife mu. Babanmu ƙaramin ma'aikaci ne, da aka yi sabuwar jiha aka ce kowane ɗan Zamfara ya tattara ya nufi Gusau. Can kuwa gidan haya ya yi wuya, shi da abokan aikinsa suke cunkushe a ɗaki guda, don haka ya kawo mu ƙauyensu kusa da Badarawa, ya ce mu ɗan zauna kafin ya samu wuri. Gidan ƙasa ne babba, mai zaure da rumbuna da tsohuwar tsamiya, amma ba kowa ciki sai kakanmu, wanda kowa ke kira Tsoho. Matarsa Iya ta rasu bayan girbin da ya wuce, tun ranar aka ja ƙyauren madafarta, maƙwabta ke aiko masa da tuwo.

Inna 'yar birni ce, da risho ta saba girki, kuma ba ta iya ganin datti ta wuce shi. Ta kankare bangon nan har ta iso ga jar ƙasa. Ta sa aka faɗaɗa 'yar tagar da ke gabas, wadda a da ko kan kyanwa ba zai shiga ba. Duk abin da ke rataye a azara ta zunguro shi ƙasa: tsofaffin faya-fayai, ƙullin magani, busasshiyar kuɓewa, da wasu baƙaƙen damma da hayaƙi ya rine har ba a gane ko mene ne. Mu muka yi ta jigilarsu a kwando zuwa jujin bayan gida, kaji na bin mu. Daga nan matan unguwa suka zo daɓe. Suka jiƙa tsakuwa da ruwan makuba, suka jera gwiwa a ƙasa suna bugawa da madaɓai suna waƙa, suna tsokanar Inna wai hannunta na riƙe cokali ne. Ta yi dariya ta dama musu fura.

Gaskiya ɗakin ya yi kyau. An shafe shi da farar ƙasa daga ƙugu zuwa sama, randa ta samu gurbinta a kan yashi mai sanyi, kwanonin Inna na aure suka hau kanta, muciya da mara da ludayi kowanne da ƙusarsa. Rishon ya ƙare a lungu, don kananzir sai an je Shinkafi, aka koma kan murhun Iya na duwatsu. Da safe rana na shigowa ta sabuwar taga ta kwanta a kan daɓen, nan nake zama in yi carafke kafin a kore ni makaranta. Tsoho bai taɓa leƙowa ba. Tsakaninsa da Inna akwai kunyar surukuta, ba ta kama sunansa, shi ma ba ya wuce bakin zaure in tana tsakar gida. Ni ce 'yar aikensu, kuma da yake jika ce ni, amarya yake kirana, ni kuma in ce ba na son miji mai furfura.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, wata safiya ya kira ni yana gyaran sungumi.

"Amarya, tahi ki ce ma uwarki ta sauko min da irin da ke bisa murhu, ruwa sun kusa."

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Inna na tankaɗe, ta tsaya ta ce wane iri. Maƙwabciyarmu Yaya Hassi, wadda ta shigo aron maburgi, ita ta ɗaga kai ta dubi azara, ta ga wayam, ta yi salati a hankali. Ita ta yi mana bayani. Baƙaƙen damman nan zangarkun gero ne, zaɓaɓɓu, da ake ratayewa saman murhu don hayaƙi ya hana ƙwari taɓa su har shekara ta zagayo. Kuma ba geron kowa ba ne. Iya ta zo da shi cikin kayan aurenta daga garinsu can bakin iyaka, gajere ne mai gashi, tsuntsu ba ya son sa, yana kuma nuna tun sauran gero bai gama fid da kai ba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Iya kaɗai ke adana shi, kuma abin da ta rataye da hannunta kafin ta kwanta ciwo shi ne ƙarshensa.

Inna ta fita juji ko mayafi babu. Kaji da awaki sun riga ta, ba abin da ya rage sai sandunan zangarniya da toka. Ni aka sake aika wa Tsoho. Ya saurare ni har na gama, ya ci gaba da ɗaure bakin sunguminsa, ya ce, "Ce mata ba komi, ba ta sani ba." Ya ari iri wurin ɗan'uwansa ya yi shuka. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin Babanmu ba, akushinsa ma yana dawowa a sude. Sai dai ya daina tsokanata, da la'asar kuma yakan zauna gindin tsamiya yana kallon bangon madafar. A rijiya mata suka laƙa wa Inna suna mai share iri, yara suka kai sunan har makaranta. Na ji haushi ƙwarai, na kuma ji tausayinta, don na sha ganinta tana tuƙa tuwo idonta na kan azarar da ta wanke tas.

Bayan ruwa na biyu ko na uku, Inna ta je zubar da toka ta dawo da sauri ta ɗauki gatari. Gefen jujin ya yi kore shar da tsiron gero, cunkus wuri guda, inda kaji suka tona suka binne abin da ba su cinye ba. Da kanta ta saro ƙaya ta kewaye wurin, hannunta duk ya yi jini. Na kira Tsoho, ya tsuguna ya daɗe yana murza ganyen, sannan ya ce a juji kowane gero na tsirowa, ba a sanin na wane ne sai ya fid da kai. Haka aka shiga jira. Inna ta koyi cira da noma a kan wannan ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma ba, mu kuma aka ɗora mana gadin awaki, har langa Sani ya daina zuwa.

Geron juji ya fid da kai tun na gona bai kai ƙirjin mutum ba, gajere, da gashinsa. Da ya nuna Tsoho ya yanke shi da hannunsa, ya ɗaure, ya ratso tsakar gida, abin da ban taɓa gani ba, ya yi sallama a bakin madafa. Inna ta durƙusa. Ya miƙa mata damin, ya dubi rufin, ya dubi tagar.

"Ɗiyata, ɗakinki ya yi kyawo. Amma hayaƙin ga naki duk waje shika tahiya."

Washegari ta kwaɓa ƙasa ta toshe rabin tagar da ta sa aka buɗe. Kafin shekara ta zagayo farar ƙasar ta koma ruwan toka, ba ta kuma sake kai tsintsiya saman murhu ba. Lokacin sanyi Tsoho ya riƙa kawo buzunsa bakin ƙofa yana shan kunu, muna gasa masa gyaɗa. A nan muka ji rediyo na sanar da Shari'a, a nan aka yaye ƙannena biyu. Ɗakin Gusau ya samu daga baya, Inna ta ce a bari sai bayan girbi, aka yi ta girbi ba ta tafi ba.

Yanzu gidan na kulle, rashin tsaro ya taso mutanen ƙauyen, gonakin sun koma daji. Inna na wurina a Ƙaura Namoda, inda nake da kicin mai gas da farin tayil, ba abin da ke kama bango. Ranar da aka taho da ita ta bar kwanoninta na aure, ta riƙo dami ɗaya a cinyarta a kan babur. Duk damina tana shuka shi a bayan ɗakina, in ta girbe ta rataye a ƙusa cikin baranda, ta hura 'yan itatuwa a ƙarƙashinsa tana tari. Yarana na ƙorafin hayaƙi, ita kuma tana yi kamar ba ta ji. Fentin wurin ya yi baƙi, ni ma na hana kowa wanke shi.