Albasar Baba a Cikin Kwantena

Ranar wata Asabar da hantsi, a ƙarshen sanyin shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, wata doguwar mota mai ƙugiya ta shigo layinmu a Minanata tana gurnani, ɗauke da wani jan akwatin ƙarfe da ya fi ɗakin Innarmu tsawo. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke-wanke na ji ihun yara, na watsar da kwanonin na fita da kumfa a hannu. Babanmu na tsaye cikin farar riga yana ɗaga hannu yana nuna wa direba inda za a sauke, fuskarsa sai walƙiya take, abin da rabon mu da gani tun kafin wuta ta ci shagonsa. Da aka dire akwatin a jikin katangarmu ƙasa sai da ta girgiza, awakin maƙwabta suka tsinke suka bazama. Baba ya matsa ya ƙwanƙwasa jikinsa da ƙashin yatsa, ya juyo ya dubi mutanen da suka taru ya ce, "Ƙarhe na. Wuta ba ta cin wanga." A ranar na fara jin kalmar kwantena.

Baba ɗan kasuwar yadi ne tun tasowarsa, atamfa da shadda da leshi. A shekarar da ta gabata gobara ta tashi a layinsu a kasuwa, ko ƙyalle bai fitar ba. Watanni ya yi zaune a zaure yana jan carbi, mu kuma muna tafiya da sanɗa a cikin gidanmu kamar baƙi. Daga baya ya sayar da gonar da ya gada, ya sayi kwantenar nan a hannun wani mutum a Gawon Nama, abin da ya rage kuma ya zuba shi kaf a albasa, lokacin da ake cirarta tana araha. Lissafinsa shi ne ya ajiye ta har damina, in ta yi tsada, ya sayar, ya koma rumfarsa ta yadi da ƙafarsa. Ko ni da nake yarinya na san ba sauran wani abu a bayan wannan albasa.

Mu kuwa ba manoma ba ne. A gidanmu albasa ba ta wuce ta miya da ke cikin kwando a madafa. Abin da Baba ya sani shi ne yadi, kuma maƙiyan yadi su ne ƙura da rana da gara da ɓera, maganinsu duka a rufe ruf. Haka ya yi wa albasar. Aka jibga buhuna har suka kusa taɓo rufi, ya bi 'yan ƙananan kafofin iska da ke can sama ya cusa musu tsumma da hannunsa, ya ja manyan ƙyamaren nan ya datse, ya maƙala kwaɗo mai girman tafin hannu. Mabuɗin ya shiga aljihun 'yar cikinsa. Mu yara muka samu sabon dandali. Da yamma inuwar kwantena takan miƙe har tsakiyar layi, nan muke gaɗa da carafke, maza na langa, in an tashi ɓuya kuma a matse tsakaninta da katanga. Ƙanena Nasiru yakan buga jikinta da kara yana cewa gangar gidanmu ta fi ta kowa, ni ma ina taya shi cika bakin.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo cewa kawun Baba, tsohon da ya rene shi, yana kwance rai a hannun Allah a wani ƙauye can ƙetaren iyaka, cikin Nijar. Baba ya ce kwana kaɗan zai yi. Yana saɓa jaka ya tsaya a bakin zaure ya dube mu duka, har da Inna, ya ce, "Kowa kar shi taɓa min kwaɗon ga har in dawo." Ba mutum ne mai maimaita magana ba, mu ma ba a saba sa shi ya maimaita ba.

Sai bazara ta sauka, irin ta Sakkwato da takalmin roba ke laushi a ƙafa. Jikin kwantena ya zama ba ya taɓuwa, Nasiru ya jingina bayansa sau ɗaya bai ƙara ba. Ni na fara jin warin, domin ni ce mai sharar ƙofar gida da safe. Da farko wani ɗan tsami-tsami ne, na ɗauka kwata ce. Bayan 'yan kwanaki na ga wani baƙin ruwa mai yauƙi yana tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙyauren, ƙudaje sun yi masa baƙi ƙirin. Na ruga na gaya wa Inna albasar Baba na ruɓewa. Ta ce bakina ya cika tsawo, in je in kai niƙa. Amma da na dawo na tarar da ita a bakin zaure, ta ja mayafi ta toshe hanci, ta zuba wa ƙofar ido.

Washegari ta aike ni Ƙofar Taramniya, tsohon gidan su Baba, in kira ƙanensa, Baffa Sani. Ya zo a kan babur, ya zagaya kwantenar, ya duƙa ya shinshina, ya miƙe yana salati. Inna daga cikin zaure ta ce ko za a samo maƙeri a buɗe, a fitar da abin da ya saura a shanya. Baffa ya kama haɓa. "Ni in hwasa kwaɗon Yaya ba shi nan? In wani abu ya ɓace, mi zan ce mishi? A dai aika mishi." Wayar hannu a lokacin sai wane da wane, ƙauyen kuma ko da ita ba ta kamawa. Saboda haka Baffa ya je tasha ya ba wani direba saƙo. Da kunnena na ji yana maimaita wa Inna abin da ya faɗa: a gai da Yaya, a yi wa tsoho sannu, gida lafiya lau, in ya samu sarari ya ɗan leƙo. Ai, in ji Baffa, ba a aika wa mai jinya mummunan labari gatsau, kada hankalinsa ya rabu biyu. Inna ta ce haka ne. Ni kuwa ji na yi kamar in kurma ihu.

Wanda aka ce wa gida lafiya lau, me zai sa shi gaggawa? Baba ya ci gaba da jinyarsa, mu muka ci gaba da shaƙar dukiyarsa. Warin ya shiga tuwo, ya shiga randa, ya shiga rigar makarantata har 'yan ajinmu suna matsawa in na zauna. Wasan yamma ya koma wani layin. Maƙwabta kuwa in sun zo wucewa sai su ɗaga ƙafa, su yi sallama hannu a hanci. Kullum da safe ina ɗebo toka ina zuba wa baƙin ruwan, kullum ya ci tokar ya wuce. Wata rana da azahar, layi ba kowa, na ga Inna ta fito da taɓarya a hannu. Ta tsaya a gaban kwaɗon, ta ɗaga, ni ina bayanta zuciyata na cewa buga, don Allah buga. Ta daɗe a haka. Sai ta sauke hannu a hankali, ta juya ta koma ciki, ta zauna a bakin murhu tana share ido da gefen zani. Na ji haushinta ranar, haushi mai tsanani, kuma na ji tausayinta.

Sai da tsohon ya rasu aka yi sadakar bakwai sannan Baba ya dawo. Tun daga bakin layi ya rage tafiya. Bai shiga gida ba, bai ajiye jaka ba, ya zaro mabuɗin ya buɗe. Wani zazzafan tururi ya bugo shi har ya ja da baya, buhunan gaba suka sulalo suka fashe a ƙafarsa, ba albasa a ciki sai wani baƙin kunu da tsutsa. Ya tura hannu can cikin wani buhu yana lalube, ko zai samu guda mai tauri. Ya zaro hannun ya dube shi. Sannan ya juya wajen zaure inda Inna ke tsaye, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Don mi ba ku hwasa ba?"

Inna ta ce, "Kai kac ce kar a taɓa, Malam."

Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mana sauƙi. Ya tsuguna a wurin yana "Innalillahi" a hankali, Baffa Sani na gefe ya sunkuyar da kai. Masu amalanke suka yi ta kwasa suna kai wa bola har magariba. Baba bai sake mallakar rumfa ba. Bayan damina ya koma kasuwa, amma a shagon wani da ya taɓa zama yaronsa, yana auna yadi yana yankawa, ana biyansa a ƙarshen mako. A wannan aikin ya tsufa, a cikinsa kuma ya rasu.

Yanzu kwantena ta cika gari. An fasa musu tagogi, an yi musu rumfar kwano a sama, wannan shagon ɗinki, wancan na cajin waya, ba yaron da zai bar wasansa don ya kalle su. 'Ya'yana in gishiri ya ƙare sai su kira babansu a waya, ko yana ina, su gaya masa kai tsaye, wani lokaci har in ji rashin kunyar ta yi yawa. Duk da haka ina kewar gidan nan namu da maganar mutum ɗaya ke da nauyi haka, ko da yake nauyin ne ya danne mu. Ba wanda ya ƙi Baba a cikinmu. Dukanmu muna son sa, kuma dukanmu muka tsaya muna kallo.