Kudu Mai Kifi da Lauyan Dangi

Matso kusa ka zauna, ka ji abin da ya sami Kudu mai kifi, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kudu mutumin Bida ne, ya daɗe a Tunga yana sayar da kifin ƙanƙara, mutumin da ko ba ka roƙa ba sai ya yi maka gyara. Ya ci bashin banki ya gina ɗakin sanyi. Ba a jima ba taransifomar unguwar ta ƙone, janareto ya ƙi tashi, kifi ya ruɓe kaf. Banki ya taso shi gaba. Abin da ya rage masa shi ne ya je kotu a tabbatar ya karye, ya samu ya numfasa.

Maƙwabciyarsa Dorothy ta kai shi wurin Barista Rachael, wadda irin wannan shari'a ce aikinta. Lauyar ta ce masa, "Malam Kudu, faɗa mini duk abin da ka mallaka, kada ka ɓoye ko tabarma. Mu fara neman sulhu da banki, wataƙila gidanka ya tsira."

Sai labari ya kai kunnen yayarsa Aishat. Ta zo tana faɗa: "Kudu, ga ɗanka Suleiman lauya guda, ka kwashi sirrin gidanmu ka kai wa bare?"

Suleiman kuwa, ɗan Aishat ɗin, shari'ar rikicin fili kaɗai ya sani. Kudu ya so ya tambaye shi ko ya taɓa yin irin wannan aiki, kunyar yayarsa ta rufe masa baki.

"Kawu, kwantar da hankalinka," in ji Suleiman. "Mu mayar da gidan da sunan Mama kafin mu shiga kotu. Wa zai sani?"

Haka kuwa aka yi. Amma lauyan banki ya sani mana! Ranar zama ya tona komai. Alƙali ya soke kyautar, ya ce Kudu ya so ɓoye dukiya ne. Banki ya fasa maganar sulhu, aka sayar da gidan.

Yanzu Kudu yana haya a ɗaki ɗaya a Maikunkele, shi da mata da yara. Suleiman kuwa jiya na gan shi cikin baƙar kwat, yana ta ƙyaƙyata dariya a waya. Abin da ya fi ƙona mini rai, Aishat tana yawo tana cewa ƙaddara ce, Kudu kuma bai ce mata uffan ba, wai kada zumunci ya lalace.

To kai fa, da gidan da 'ya'yanka suke kwana ne, za ka iya duban idon yayarka ka ce mata ɗanta bai iya aikin ba?