Ranar da Mahasin Ta Ce Ba Ta San Ni Ba

Mahasin taubashiyata ce. Babana da mamarta ciki ɗaya suka fito, kuma dukanmu a Mai Wurno aka haife mu, can ƙasar Sudan. Ta girme ni da shekara tara. Ni 'yar namiji ce, ita 'yar mace, don haka tun ban iya ɗaura zani ba nake kiranta baiwata, ita kuma ta ce mini 'yar Kawu, ta haɗa da ranƙwashi. Yau tarihinta zan rubuta, in ta ga dama ta kai ni ƙara. A aji huɗu na bar makaranta, amma ya ishe ni in tona mata asiri, don har yanzu raina a ɓace yake.

Da mijinta ya rasu ta ɗauko jaka ɗaya ta taho Alƙahira. Ta samu aiki a Mohandessin, unguwar masu kuɗi, gidan wata tsohuwa mai ciwon ƙafa, Madam Dalia. Shekara goma sha ɗaya tana yi mata wanka, girki, tausa, da sauraron mita. Tsohuwar nan tana da rediyo mai jikin katako, kullum a tasha guda, wadda ke sa kiɗan Turawan da. Kiɗa ne ba waƙa, ba rawa, ba a yabon kowa, ba a zagin kowa. Goge wajen arba'in su taru suna kuka lokaci ɗaya kamar an yi musu rasuwa. Nan baiwata ta kwaso cutar.

Duk wata kuma sai Madam ta tafi gidan kiɗa, inda ake yin abin ido da ido. Mahasin ce mai riƙe sanda da jakar magani, don haka ita ma ana ba ta kujera a gefenta. To ga inda abin haushin yake. Madam tana tsoron turmutsitsin matakala in an tashi. Da an shiga kashi na ƙarshe, daidai inda kiɗan ya fara tafasa, sai ta taɓa gwiwar Mahasin ta ce, "Yalla." Su fito. Ni na ce sau dubu aka yi mata haka, ita ta ce bai kai ba. Ko nawa ne, shekara goma sha ɗaya baiwar Allah ba ta taɓa jin ƙarshen kiɗa a zauren nan ba. A matakala take jiyo shi ta bayan ƙofa, tana tallabe da tsohuwa.

Farkon 2012 Madam ta rasu. 'Ya'yanta suka sauko daga ƙasashen waje, suka kwashe gidan tas, har labule. Wadda ta goge wa uwarsu jiki shekara da shekaru ko hoton tsohuwar ba su ba ta ba. Rediyon ma a bakin shara ta tsince shi, mai gadi ya ajiye zai zubar. Ta rungumo shi a cikin motar haya kamar jariri, ta kawo mini shi ɗakina a unguwar Ard al-Liwa, ita da shi suka tare.

Ni lalle nake yi wa amare, kuma in ana neman mai guɗa daga Ard al-Liwa har Ainu Shams, sunan Fatu ake fara kira. Ku duba wadda aka haɗa da rediyon makoki. Mahasin ta samu sharar wani ofis, da ta dawo da la'asar, kafin ta cire takalmi ta murɗa shi. In an ɗauke wuta ta sa batir.

"Baiwata, wa ya mutu yau kuma?"

"Ke dai yi shiru, 'yar Kawu. Saurara, yanzu sarewa za ta shigo."

Sarewa kuwa ta shigo, kamar ita ta aika a kira ta.

Sai ta hau ba ni labarin zauren. Wai ranar farko da makaɗan ke gyara tsirkiyoyinsu ta zaci an fara, har tana gyaɗa kai. Wai akwai wani ƙato mai tambari a can baya, yakan zauna kusan awa guda hannu a cinya, ya tashi ya buga sau ɗaya, ya koma ya zauna.

"Wannan aikin nake so," na ce. "Ki tambayar mini ko suna neman mace."

"Bugun nasa ma ban taɓa gani ba," ta ce. "Madam ce ta gaya mini. A ƙarshe yake yi."

Ta faɗi haka tana kankare kaskon shayi, ba ta ɗago ba. Ranar ban ƙara tsokanarta ba, sai da gari ya waye.

A kakar 2013, lokacin dokar hana fitar dare, aka dawo da wasan gidan kiɗa ƙarfe uku na rana. Wata Laraba Mahasin ta shigo ta ajiye tikiti biyu a kan tiren lallena. Da guminta ta saya. Ta ce wannan karon ba sanda, ba jakar magani, ba mai taɓa mata gwiwa. Za ta zauna har sai mai sanda, wato jagoran makaɗan, ya juyo ya rusuna.

"To ni mene ne nawa?"

"Don bakinki ya mutu. Kuma ban saba zama da kujerar gefe babu kowa ba. Amma ki ji ni da kyau. Kiɗan kashi huɗu ne, tsakanin kowane kashi ana yin shiru. Shirun nan ba ƙarshe ba ne. Ba tafa hannu, ba magana, ko tari ki haɗiye."

"Makabarta za mu?"

"Fatu!"

"Khalas, na ji."

Ranar Juma'a ta sha farin tob ɗinta, lafayar Sudan, wanda ke ƙasan akwati tun mutuwar mijinta. Na zana mata lalle har gwiwar hannu, na turara ta da humra har kuliyoyin layinmu suka bi mu. Mai duba tikiti a ƙofa ya kalle mu sama da ƙasa, ya tambaya wa muka rako. Na buɗe baki, Mahasin ta take mini ƙafa, ta miƙa masa takardun ta ce, "Kanmu."

Muka zauna. Ni dariya na je yi, wallahi har na tanadi abin da zan riƙa faɗa mata wata guda. Kashi na farko na yi ta ƙirga sanƙon makaɗa. Aka yi shiru, na yi shiru, har ta kalle ni ta gyaɗa kai. Sai aka shiga na biyu. Wata siririyar mata ta rungume wani ƙaton goge tsakanin gwiwoyinta ta fara ja a hankali. Ban san abin da ya same ni ba. Muryar Innata na ji sak, yadda take gunguni in tana tankaɗe da asuba, ita da aka binne ban samu zuwa ba. Sauran gogen suka bi bayanta, abin ya yi ta hawa, ya cika mini ƙirji, ya yi sama, sannan ya sauka ya tsaya cak.

Na rangaɗa guɗa.

Ban shirya ba, ita ta fito da kanta. Kuma ba ƙarama ba, irin ta shigar amarya ɗaki ce, mai hawa uku. Fitilun rufi sai da suka girgiza. Mai sanda ya daskare hannu a sama. Kawuna ɗari biyar suka juyo, kowane da fuskar wanda aka taka wa sallaya.

Ni har gobe ban ga laifin ba. A garinmu in makaɗi ya taɓa miki zuciya kika yi shiru, kin wulaƙanta shi. Mata ta zuba ranta a tsirkiya, mutum ɗari biyar sun zauna kamar buhunan dawa, ni kaɗai na biya ta, kuma ni ce mahaukaciya?

Ma'aikacin zauren ya iso da 'yar fitilarsa, ya haska mu biyu, baƙaƙe biyu a jere, ya yi mana nuni da ƙofa. Duka biyun. Ya sunkuya ya tambayi Mahasin da Larabci, "Tare kuke?"

Na juya ina jiran baiwata ta wanke shi tas. Ta kalli ma'aikacin, ta kalli dandamali inda makaɗa ke juya takardun kashi na uku. Sannan ta janye gefen tob ɗinta daga jikina, ta ce da Larabcin Madam, mai sanyi, na 'yan Mohandessin:

"Ban san ta ba."

Ni! Ni da lallena ke hannunta bai gama kamawa ba! Ni da na raba katifa da ita da rediyonta shekara biyu, na haƙura da kukan goge ina cin tuwo! Na san in na yi mata Hausa ko kalma ɗaya, asirinta ya tonu, ita ma sai an fitar da ita. Na miƙe, na gyara mayafi, na bi mutumin muka fita. A ƙofa dai na gaya masa abin da kakarsa ba ta taɓa ji ba.

A matakala na zauna, kusan awa guda, ina huci. Ta bayan ƙofa nake jiyo kiɗan dishi-dishi. Can ya fara gudu, ya yi ta tafasa, sai na ji dum! har cikin siminti. Tafi ya ɓarke kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano.

Ita ce ta ƙarshen fitowa. Kwallinta ya zubo har haɓa.

"Sannu, Madam," na ce. "Wa kike nema? Ni ban san ki ba."

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yar Kawu."

"Ma'alish? A gaban Masar gaba ɗaya kika sayar da ni! Da Kawunki yana raye da kin faɗi haka?"

"Da na faɗa."

"Ki ce kin tuba."

Ta goge ido da bakin tob, ta dube ni tsaf. "Ba zan yi miki ƙarya ba, Fatu. Ko yanzu aka mayar da mu ciki, abin da zan faɗa ke nan. Tashi mu tafi kafin a rufe hanya."

A motar haya na ƙi zama kusa da ita, na koma can baya tsakanin wani mai kaji da taga. Tana gaba, ina ganin kafaɗunta suna motsi, tana bin kiɗan a cikin kanta. Kwana tara ban yi mata magana ba, wanda a tarihin bakina ba a taɓa yi ba. A na goma tana wanke-wanke na tsaya a kanta na ce ba wai na huce ba ne, tambaya ɗaya ce kawai, sau nawa ƙaton nan ya buga?

"Sau bakwai," ta ce. "Ashe Madam ma ba ta sani ba."