Kwalba Uku Daga Teku

A ma'aikatar ruwa ta garin, kowa Malamar Laka yake ce mata, har masu gadi. A gida kuwa Auta ce, ko da yake furfura ta fara leƙo mata. Garin ruwan teku yake sha. Wani ƙaton bututu ne ke zuƙo shi daga can ciki zuwa injinan da ke cire masa gishiri, ita kuma aikinta ta faɗi yawan lakar da ke yawo a cikin ruwan. In laka ta yi yawa ba a rufe bututun ba, matatun injin su toshe, a yi makonni ana gyara. In an rufe kuma, famfo ya ƙafe a gari.

Mahaifinsu masunci ne. Cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta yi karatu mai nisa, ita kaɗai ce kuma jiri ke ɗiba da zarar ta taka jirgin ruwa. Don haka babban yayanta, wanda ya gaji sana'ar uban, shi ma'aikata ta ɗauka yana fita da ƙaramin jirginsa mai inji, ya ɗebo mata ruwa a kwalabe daga wurare daban-daban. Ita kuma ta tace shi a farar takarda, ta busar a tanda, ta ɗora a sikeli. Yakan tsokane ta ya ce, "Auta, duk karatun nan naki a kan taɓo ya ƙare?" Sai ta ce, "Taɓon ne dai ke zuba maka mai a inji, Yaya."

Wata shekara aka kwana biyu ana tafka ruwa a kan tudu, kogin da ke faɗawa teku kudu da gari ya cika ya batse, ya kwaso jar ƙasa ya antayo. Da safe ta buɗe hoton tauraron ɗan'adam, babu komai sai gajimare. Yaya ya fita da sassafe, ya dawo sharkaf, kwalba uku kacal a hannunsa. Igiyar ruwa ta ɗauke akwatin sauran.

Kwalbar bakin kogi ja wur take kamar ruwan kwaɓin gini. Ta tsakiya ta ɗan gurɓace. Ta kusa da bututu kuwa garau.

Manajan ma'aikata ya tsaya mata a ƙofar ɗakin gwaji, waya na ta ruri a aljihunsa. "Malama, a rufe ko a bari? Tankin asibiti bai kai rabi ba."

"Ranka ya daɗe, kwalba uku ce. Tsakanin ta biyu da ta uku akwai tafiya mai nisa, ban san abin da ke wurin ba."

"To ki kimanta."

Ta zauna. Ta duba yadda lakar ta ragu daga bakin kogi zuwa tsakiya, ta duba inda iska ta nufa da lokacin da teku zai cika, ta gwada da abin da ta gani a damunar baya. Ta yi lissafi, ta sake yi. Ta ce lakar za ta iso bututu wajen la'asar.

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Da zan samu kwalba ɗaya daga bayan dutsen nan da ya kutsa cikin teku, da na fi ƙarfin gwiwa."

Ba ta lura Yaya na zaune a benci a waje yana matse rigarsa ba. Ta taga ta hango shi ya nufi gaɓa. Ta bi shi da gudu.

"Yaya, don Allah kada ka je. Magana ce kawai na yi."

"Na ji maganar," ya ce yana kwance igiya. "Ki koma ciki, iska za ta kayar da ke."

Ya tafi. Tana tsaye tana kallon jirgin yana hawa yana nitsewa, har ya sha kwana a bayan dutsen. Azahar ta yi bai dawo ba. Wayarsa ba ta shiga. Matarsa ta kira, Auta ta kalli wayar ta kasa ɗauka. Manaja ya sake zuwa, wannan karon murya ƙasa-ƙasa: ba za a iya jira ba, me za a yi? Ta ce a rufe. Ƙarar injinan ta mutu, ma'aikatar ta yi tsit, babu abin da ake ji sai teku na dukan bango.

Bayan la'asar wasu masunta suka jawo jirginsa da nasu. Injin ya sha ruwa, igiyar ruwa ta maka Yaya da gefen jirgi, kafaɗarsa ta goce. Kwalbar tana cikin rigarsa. Sai da Auta ta raka shi aka ɗaura masa kafaɗar, sannan ta dawo ta tace.

Kwalbar ta nuna lakar ta fi yadda ta zata kauri, amma tafiyarta ba sauri. Ba ta iso bututun ba sai washegari da hantsi. Matatun sun tsira, amma an rufe da wuri: gari ya yi asarar ruwan kusan yini da kwana, sai da motoci aka kai wa asibiti. A taro wasu suka ce ta yi gaggawa, wasu suka ce gara hakan. Ita dai ta faɗi yadda ta yi lissafin da inda ta kuskure.

Daga ranar ba ta ƙara barin a fita ɗebo ruwa cikin iska ba, ko wa ya matsa. Ta yi shekaru tana naci sai da aka sayo na'urar da ake dasawa a teku tana aiko da awo da kanta. Yaya bai ƙara iya ɗaga hannun sama da kai ba, ya koma gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida, kuma bai taɓa ɗora mata laifi ba. Matarsa ce ta daɗe tana amsa gaisuwarta a daƙile. Sai da Auta ta kwanta zazzaɓi mai tsanani, matar ta zo ba tare da an kira ta ba, ta ɗaura zani, ta ce wa yaranta da suka biyo ta su rage surutu, gwaggonsu na barci.