Ntate Tlali da makullin ruwan da ya binne

Ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ntate Tlali Ramokhele a gidansa da ke Ha Sekoati, ƙauyenmu na kan duwatsu inda hunturu ke kamawa a ƙarshen Mayu, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ciwon ƙirjin da ya kwaso daga ramin zinariya ne ya ƙarasa shi. A wajenmu Ntate ake ce wa namiji babba don girmamawa, mace kuma Mme. Ni Mateboho, shugabar kwamitin ruwa na ƙauyen nan, nake rubuta wannan, kuma ba da hannu mai tsabta nake rubutawa ba.

Ntate, shekara talatin kana riƙe da ruwanmu. Da zarar an fara girbin alkama sai a gan ka gida-gida da buhun ragowar gashin tumaki da tsohuwar robar taya, kana naɗe famfunan mutane kamar mai yi wa jariri zanen goyo. Ba ka da daɗin baki, wannan kowa ya sani. Ranar da ka tarar da ni ina kwarara tafasasshen ruwa a kan famfona da ya daskare, ƙwace butar ka yi a gaban maƙwabta.

"Mme, yara kika koyar shekara da shekaru, amma ƙarfe ya gagare ki? Tsumma mai ɗumi ake sawa. Fasa shi za ki yi."

Na yi kwana uku ba na gaishe ka. Famfon kuwa yana nan lafiya har yau. Tsofaffin da ba sa iya sunkuyawa kai kake tsiyaye musu bututu kafin su tafi wajen 'ya'yansu a Maseru, babban birni, ba ka taɓa karɓar abin da ya wuce kwanon papa, tuwon masararmu, da ganye ba.

Amma babban aikinka ba wanda yake gani. Bututun da ke kai ruwa gidajen tudu a kan dutse ya bi, ba a samu an binne shi da zurfi ba. Kowace shekara kafin sanyi ya kama sai ka hau, ka tone makullinsa da ake murɗawa a tsayar da ruwa, ka rufe, ka tsiyaye layin, kowa ya koma sha daga layin gidajen gangare har bazara. In ba a yi haka ba, ya daskare ya fashe, tankin maɓuɓɓuga ya zube, ƙauye duka ya rasa ruwa. Tun da aka taɓa sace maka makullin tagulla ka sa sabo a wani wuri, ka rufe shi da ƙasa da duwatsu, ba ka gaya wa kowa ba sai matarka Mme Mantoa, wadda take kai maka abinci can.

Shekara uku a jere kana tsayawa a ƙofata.

"Mme shugaba, sa takalminki mu hau in nuna miki wurin. Ƙirjin nan ba zai jira ki ba."

Bara na ce gwiwata. Waccan shekarar na ce taro. Bana na ce ka bari sati mai zuwa, na kuma ƙara da cewa irinka masu baƙin hali ba sa mutuwa da wuri. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Kwana biyar bayan nan ka tafi, layin yana buɗe.

An sa jana'izarka ranar Asabar, talatin da ɗaya ga wata, saboda 'ya'yanka na nesa. Mme Mantoa kuwa tana kan katifar makoki, ba za ta taka waje ba sai an rufe ka. Na je na durƙusa gaban yayanka Ntate Nkuebe, na roƙe shi a ba mu ita na awa ɗaya.

"Mme, ƙanena yana kwance ba a binne ba, matarsa ta hau dutse? Me zan gaya wa kakanninmu?"

Ban ga laifinsa ba, kuma ban daina jin haushinsa ba. Daga kan katifar ta kwatanta mana, muryarta can ƙasa: a wuce dutsen da ya rabe biyu, a nufi inda rana ke faɗuwa, wajen wata 'yar ƙaya. Dutse mai rabi biyu a hawan nan ya fi goma. Kwana tara maza suna haƙa, ina tsaye a kansu cikin bargo, a kan gwiwar nan da na ce ba ta iya hawa.

Ranar Laraba kafin jana'iza sanyin ya sauka. Da gari ya waye bututun ya tsage a wuri shida, tankin ya zube, gangaren duka ya zama ƙanƙara. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar mota, ba kayan gyara sai ta buɗe. Ruwan da muka wanke hannu da shi bayan mun dawo daga kabarinka, a kan jakuna aka ɗauko shi daga kogi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Ranar Litinin Mme Mantoa ta fito cikin baƙaƙen kayan takaba, ta hau gaba muna bin ta. Ba ta ko duba ba, ta ɗora ƙafa a wani wuri ta ce, "Nan ne." Taku huɗu ne tsakaninsa da raminmu na ƙarshe.

Ntate Tlali, Ubangiji ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ƙirjinka hutun da bai samu a duniya ba. Ya ba 'ya'yanka Lebenya da Nthatisi haƙuri, da Ntate Nkuebe, da dukkan zuriyar Ramokhele. Ya kare tsofaffinmu da ke sauka kogi a kan santsi kowace safiya, ya kawo mana ƙarshen sanyin nan ba mu sake haƙa wani kabari ba.

Mme Mantoa, har yau ban iya haɗa ido da ke ba. Allah ya ba ki dangana. Kada ki sauka kogin nan. Bokitinki ni zan riƙa ɗaukowa har ƙanƙara ta saki ƙasa a gyara bututun.